Hanyar da na bi kafin hayaniyar dare ta daina hana ni barci a Maraɗi

Duk wanda ya taɓa kama haya a Maraɗi ya san da rana ake duba gida. Dillali zai kai ka da hantsi, ka murɗa famfo, ka leƙa makewayi, ka ɗaga kai ka dubi kwano ko yana yoyo, ka biya kuɗin watanni 3 a gaba, amma sai ka kwana a ciki za ka san irin unguwar da ka shigo. Ni malamin lissafi ne a wata koleji, ina zaune da iyalina a ciki da falo a unguwar Zariya, ba nisa da kwalta. Na daɗe ina fama da rashin barci saboda hayaniya, na zaga wurare da dama kafin in samu sauƙi, kuma tun daga lokacin abokan aiki suke tare ni da tambaya guda: me ka saya? Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki, domin sayayyar ita ce ta zo ƙarshe, kuma ba ita ta fi yi mini amfani ba.

Da farko ƙarar manyan motoci ce kawai, masu wucewa da dare suna danna ham, ita kam ba a daɗe ba kunne ya saba. Abin ya lalace ne a watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba mu bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Kowa ya tuna yadda gari ya koma. Alhaji, maƙwabcina na bayan gida, yana da shago cike da firiza, yana sayar da ƙanƙara da ruwan leda da yawur, to shi ɗaukewar wuta asara ce kai tsaye. Ya sayo janareta, bai samu inda zai aje shi ba sai lungun da ke jikin bangon ɗakin kwanana. Ko da wuta ta dawo a farkon 2024 janaretan bai bar wurin ba, don da zafi ya shigo takan ɗauke tsakar dare, yaron shago ya tashi ya ja igiya. A ƙofar gida kuma ga fadar samari, shayi da karta da sifika har ƙarfe 2. Da an sallame sallar asuba mai injin niƙa ya tayar da nasa. Barci kan ɗauke ni lafiya lau, sai janareta ya yi tari ya kama, in zabura zuciya na bugawa, daga nan sai juyi har kiran assalatu. Da safe in shiga aji da ciwon kai, ina cikin warware lissafi a allo in manta inda na tsaya, yaro ya yi ɗan kuskure in hau shi da faɗan da ya fi ƙarfin laifinsa.

Kamar kowa, da auduga na fara. Ba ta tare komai, ƙarar tana ratsa ta ta wuce, kuma bayan ɗan lokaci kunnena na hagu ya toshe ya fara ƙaiƙayi. Wani mai tallar magani a bakin tasha ya nuna mini wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce in na sha ɗaya ko ganga ake kaɗawa a kaina ba zan ji ba, dala 20 kacal, wato sefa 100. Da na ba uwargida labari sai ta ce, "Malam, in ka sha wannan, wa zai ji kukan yarinya, wa kuma zai tashe ka sallah?" Maganarta ce ta sa na nufi asibitin unguwarmu.

Na isa bayan ƙarfe 7 na tarar mata da yara sun cika benci. Wanda bai saba ba ya sani: kafin ka zauna a layi sai ka fara zuwa taga ka yanki tikiti, in ba ka da ɗan littafin asibiti ka saya a nan, in ba haka ba za ka zauna har a zo kanka sannan a mai da kai baya. Ba zan kawo abin da na biya ba don farashin ya canza, tun da gwamnati ta rage kuɗin asibitocinta da rabi daga watan Satumba na 2024, ni kuwa na je kafin nan. Majo, wato babban ma'aikacin jinya na asibitin, ya auna jinina ya ce ya ɗan hau, ya tambaye ni abin da nake sha da dare. Na ce shayi ne bayan isha'i in ina gyaran takardun yara, wani lokaci da ɓarin goro. Ya girgiza kai, ya ce sinadarin da ke cikin shayi da goro da kofi yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa 5 rabinsa yana nan, saboda haka wanda ya sha na farko da na biyu da na uku da ƙarfe 9 ya riga ya mai da barcinsa mara nauyi, abu kaɗan zai tashe shi. Ya ce in mai da shayina kafin la'asar. Ya haska kunnen da tocila, ya ce wannan aikin likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne, ya rubuta mini takardar turawa zuwa babban asibiti. Wannan takardar a adana ta da kyau, ita ake fara tambaya a can.

Zuwana na farko babban asibiti ban ga likita ba, na tarar an gama karɓar sunayen ranar. Da na san haka da na fara aika wani ya tambayo mini ranakun da likitan yake zama da lokacin da ake rufe layi. Da na koma sai na yi sammako daga masallaci, na biya kuɗi a wurin biya, na riƙe rasiɗi, na zauna. An kusa azahar kafin a kira ni. A zaman nan na riƙa jin nauyi, ga tsoho kusa da ni wuyansa a kumbure, ga yarinya kunnenta na zubar da ruwa, ni kuwa in an tambaye ni sai in ce janareta ne ya kawo ni. Likitan bai ɗauki abin da wasa ba ko kaɗan. Ya zura ɗan abin dubawa mai fitila a kunnen, ya ce dattin kunne ne ya cushe, ga kuma guntun auduga can ciki ya manne. Ya ce kunne yana fitar da dattinsa da kansa, duk abin da aka tura ciki, auduga ce ko tsinken ashana ko gashin kaza, ƙara danna dattin yake yi, kuma yana iya ƙuje fatar ya kawo ciwo. Ya rubuta maganin ɗigawa na ƴan kwanaki, ya ce in dawo a wanke. Ranar wankin, da ruwan ɗumi ya fito da abin da ke ciki cikin ɗan kwano, sai da na kau da kai. Na fito ina jin motsin ganyen dogonyaro. A daren nan kuwa na ji janaretan Alhaji tas, fiye da kowane dare.

Abin da ya fi yi mini amfani a asibitin shi ne ƴan mintocin da likitan ya ba ni bayan wankin. Da ya ji sana'ata sai ya kira ni yadda ake kiran malaman makaranta a nan, ya ce, "Mushe, kai da kake koyar da lissafi ba za ka sha wuya ba." Ya ce da desibel ake auna ƙara, kuma ba a ƙirga shi irin ƙirgan buhu, duk ƙarin 10 yana nufin ƙarfin sautin ya ninka sau 10, kunne kuwa yana jin kamar ya ninka sau 2. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 1999 ta ce don barci mai kyau kada ƙarar da ke gudana cikin ɗakin kwana ta wuce desibel 30, kuma kada wadda ke zuwa kwatsam ta wuce 45. Ya ce mai barci yana rufe ido amma kunne ba shi da marfi, ƙwaƙwalwa tana ci gaba da sauraro, kuma abin da ta fi zabura a kai shi ne canji, wato shiru ya koma ƙara farat ɗaya. Ko mutum bai farka sosai ba, bugun zuciya yana ƙaruwa, barci mai zurfi ya katse, shi ya sa za ka kwanta awa 7 ko 8 ka tashi a gajiye. Game da ƙwayoyi ya ce irin su diazepam jiki yana saurin sabawa da su, ka wayi gari ba ka barci sai da su, janareta kuma yana nan inda yake. Sai ya ce ƙara tana da mafari, tana da hanya, tana da masauki, kuma a haka ake bin ta: ka fara da inda take fitowa, sannan inda take bi ta shigo, kunne shi ne na ƙarshe.

Ya ba ni shawarar in sauke manhajar auna ƙara a waya. Awonta ba ya kai na na'urar gaske, amma ya isa ka gane wane wuri ya fi wane. Na yi ta zagaya ɗaki da waya a hannu tsakar dare, uwargida tana kallona tana dariya. In janareta yana aiki, a kan matashina lambar tana wasa kusa da 60, a jikin bangon da ke kallon tsakar gida kuwa tana sauka ƙasa da 50. A bakin taga da ƙarƙashin ƙofa tana tsalle sama. Na ɗora tafin hannu a bangon baya na ji yana rawa. Washegari muka juya gado zuwa ɗaya bangon, muka jawo kabad ɗin kaya muka jingina shi inda gadon yake a da. Ko dala ban kashe ba, kuma a daren na ji bambanci.

Sai batun Alhaji. Na same shi a shago bayan la'asar, muka gaisa, na kawo maganar a hankali. Ya saurare ni ya ce, "Mushe, sai haƙuri, in na kashe shi kayana sun narke, kuma ba ni da wani fili." Bai yi faɗa ba, bai kuma motsa ba. Wani abokin aiki ya ce in kai ƙara komisariya, wato ofishin ƴan sanda, kawai. Ban ga hikimar haka ba. Mutumin nan shi ke ba mu ƙanƙara bashi da azumi, matansa ne suka fara shigowa ranar da aka haifi ƴarmu, kuma ko an tilasta masa yau, gobe da shi zan haɗu a sahu. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Na sayi goro na tafi wurin mai unguwa. Na tarar yana sasanta wasu a kan magudanar ruwa, na samu gefen tabarma na jira har suka watse. Na ce, "Baba, ba ƙara na kawo ba, shawara na kawo," na gaya masa abin da likita ya ce, na nuna masa littafin asibiti, na kuma ce in za a matsar da injin ni zan ɗauki rabin kuɗin. Ina ganin wannan maganar ta ƙarshe ita ta buɗe ƙofa. Wanda ya je da kuka kaɗai haƙuri za a ba shi, wanda ya je da mafita da ɗan abin hannunsa shi ake zaunawa da shi. Mai unguwa ya sa aka kira Alhaji bayan isha'i, da limamin masallacinmu a wurin. Liman ya tunatar da mu duka biyun hakkin maƙwabtaka, bai nuna wani da yatsa ba. Ba a yi rabin awa ba aka amince injin zai koma ɗaya gefen shagon, wajen da ke kallon fili. Ban da goron nan ban biya komai ba.

Bakaniken da aka kira ya san aikinsa. Ya duba ya ce salansar ta tsage, rabin ƙarar daga nan take, aka kai wa mai walda. Ya hana a aje injin a kan siminti tsirara, ya sa aka kawo tsohuwar tayar mota aka shimfiɗa katako a kai, don rawar injin ta daina bin ƙasa tana shiga bango. Sannan magini ya ja ɗan gajeren bango na bulo ta ɓangaren gidana, ya fi injin tsawo, aka bar sama da ɗaya gefen a buɗe. Yaron shago ya kawo shawarar a sa shi cikin sito a kulle, kowa ya huta. Bakanike ya daka masa tsawa, ya ce hayaƙin janareta yana da guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci, kuma yaron a jikin siton yake kwana. Wannan kam kowa ya riƙe: duk yadda ƙara ta dame ka, kada a shigar da janareta cikin ɗaki ko zaure ko kusa da tagar da ake kwana. Nisa ma kaɗai magani ne, domin a fili duk lokacin da ka ninka tazara ƙarar tana raguwa da kusan desibel 6, mu kuwa mun ninka ta fiye da sau ɗaya. Wayar wuta da walda da bulo da ladan aiki, kasona ya kama wajen jikka 15, wato sefa dubu 15. Duk cikin abin da na kashe babu kuɗin da ya kai wannan albarka.

Ƴan fada sun fi sauƙi fiye da yadda na zata, don biyu daga cikinsu na koyar da su. Na sayi ganyen shayi da sukari na je na zauna, na roƙi su juya bakin sifikar ta kalli titi, su kuma rage dukan gangar nan mai nauyi in 11 ta yi, don ita ce ke ratsa bango ko an rufe ko'ina. Suna kiyayewa, sai dai daren ƙwallo, ranar kam sai addu'a. Mai injin niƙa ban tanka masa ba, lokacin da yake farawa na riga na tashi.

Daga nan na koma kan ɗakin. Gidan haya ne, saboda haka sai da na nemi izinin mai gida. Ya ce in yi, amma ba zai cire daga kuɗin haya ba, kuma in zan tashi ba zan ɓalle abin da na kafa ba. Na yarda, a gaban dillali muka yi maganar, kuma ina ba kowa shawarar ya samu shaida kafin ya buga ƙusa ko ɗaya. Kafintan da na samu dattijo ne, bai taɓa jin sunan desibel ba amma ya gane matsalar nan take. Ya ce in bari sai dare. Bayan magariba ya dawo, ya sa aka kunna fitila a ɗaki aka rufe ƙofa da taga, muka fita waje muka tsaya. Haske yana fitowa ta tsakanin ganyayen tagar ƙarfe, ta ƙarƙashin ƙofa inda yatsu biyu za su shige, ta saman bango inda kwano ya zauna, har ta ramin da aka huda don wayar eriya. Ya ce, "Ka gani ko, Malam? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Duk inda haske ya fita, ta nan ƙara ke shigowa.

Ya yi wa tagar baya marfi na biyu daga ciki, na katako mai kauri, ya bi gefunansa da robar tsohon tub ɗin mota yadda in an rufe sai an ɗan danna. Ya kafa irin robar a ƙasan ƙofa da gefenta. Magini ya cike saman bango da siminti, aka toshe ramin eriya, aka canza silin guda da ya ɓalle. Wani aboki ya dage in manna kwalayen ƙwai a bango, wai haka ake yi a ɗakin ɗaukar waƙa. Su kwalayen da soso da labule mai kauri amsa-kuwwar cikin ɗaki suke ragewa, ba sa hana ƙarar waje shigowa, don ba su da nauyi. Abin da ke tare ƙara nauyi ne da rashin kafa. Ga shi kuma kwali matattarar kyankyaso ne, ga saurin kama wuta. Duk wanda ya taɓa kwana a tsohon soron ƙasa a Bagalam ko Mokoyo, mai katanga mai kauri da rufin azara, ya san irin shirun da ke ciki da sanyinsa, abin da bulo mai rami da kwano ba za su taɓa ba ka ba. Mun guje wa ginin iyayenmu don a ce mun waye, yanzu muna biyan kafinta ya dawo mana da kaɗan daga cikin abin da muka bari. Katako da roba da siminti da ladan su biyun sun tasar wa jikka 35.

To amma a Maraɗi wanda ya toshe ɗaki a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ya sayi wata wahalar. Tagar tsakar gida dole ta zauna a buɗe da raga, kuma fanka ta zama tilas. A nan na gano wani abu da ban taɓa lura da shi ba. In wuta ta ɗauke, abu biyu ke faruwa a tare: fankar sama ta mutu ɗaki ya yi tsit, sannan bayan ƴan mintoci janareta ya tashi cikin wannan shirun. Ashe sau biyu ake tashina. Na shiga Babbar Kasuwa na sayi fanka mai caji, wadda ke komawa kan batir da kanta ba tare da ta tsaya ba, jikka 28 bayan dogon ciniki. A tambayi awa nawa batirin ke yi a gudu na tsakiya, a kuma sa mai shago ya cire ta daga wuta a gabanka ka ga ko tana ci gaba. Hurawarta ba ta hawa ba ta sauka, saboda haka tana cike shirun, tazarar da ke tsakanin shiru da ƙarar da ta zo kwatsam ta ragu, ƙwaƙwalwa ba ta zabura. Lokacin sanyi, da ba a son iska, ina juya ta ta kalli bango, ko in kunna sautin ruwan sama a waya in aje ta nesa da kai. Kada a ƙure murya, kada a kwana da abin sauraro cikin kunne yana kiɗa har safe, kada kuma a aje wayar kusa da kan jariri. In sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ya yi yawa.

Abin toshe kunne shi na saya daga ƙarshe. Kantin magani na farko ba su da shi, a na biyu sai da na ambaci sunan Quies, kamfanin da ke yin sa, sannan yarinyar ta gane. Akwai na kaki wanda ake murzawa ya yi laushi a rufe bakin kunne da shi, akwai na soso wanda ke shiga ciki ya kumbura. Ƙaramin kwali bai kai jikka 3 ba. Masu sayar da kayan gini ma sukan kawo na soso mai igiya. A jikin kwalin za ka ga lambar desibel ɗin da aka ce yana ragewa, wajen 30, likita ya riga ya gaya mini in raba ta biyu, don ba kowa ke sa shi daidai ba. Yadda ake sa na soso: ka wanke hannu, ka murza shi tsakanin yatsu har ya zama siriri ba tare da ya lanƙwashe ba, ka zagayo da ɗaya hannun ta saman kai ka ja kunnen sama da baya, ka zura, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura. In ka dubi madubi ka ga rabinsa a waje, bai shiga ba. Wajen cirewa a hankali, ana ɗan murzawa. Daren farko za ka ji numfashinka da bugun zuciyarka, yana wucewa. In ya yi datti ko ya daina kumbura a jefar, kada a sa shi a jiƙaƙƙen kunne bayan wanka, kuma mai ciwon kunne ko wanda kunnensa ke zubar da ruwa ya bari sai ya ga likita.

Tsorona shi ne makara, amma abin toshe kunnen ba ya mai da mutum kurma. Ina jin lasifikar masallaci, ina jin ƙararrawar waya in tana kusa. Duk da haka mun yi ƙa'ida a gida: ba ma sawa mu biyu a dare ɗaya, kuma in yarinya ba ta da lafiya babu mai sawa. Ni ma yanzu ba kullum nake sawa ba. Amfaninsa ya fi fitowa a tsakiyar bazara, in ɗaki ya gagara muka fito tsakar gida da gidan sauro, inda babu bango babu marfi. Da damina kuwa, ruwa a kan kwano ya fi janareta ƙara amma barci nake har da minshari, wanda ya ƙara tabbatar mini da maganar likita a kan canji.

In aka haɗa duka da kuɗin asibiti da na kabu-kabu, na kashe abin da ya kusa jikka 90, ba a lokaci ɗaya ba. Wanda ba shi da wannan kuɗin kada ya karaya, don juya gado da dawo da shayi kafin la'asar da zama da maƙwabci a gaban manya ba su ci komai ba ban da kuɗin goro, kuma su suka ɗauke fiye da rabin matsalar. Robar tub da ƙusa ma kowa zai iya. Abin da zan hana mutum shi ne ya fara daga kunnensa, ya bar injin yana rawa a jikin bangonsa. Likitan ya kuma ja mini kunne a kan abu uku, ga su ga wanda ya ga alamarsu: in an samu shiru amma barci bai dawo ba, dare 3 a mako har watanni 3, to matsalar ta wuce hayaniya, in kunne yana ƙara shi kaɗai ko ji yana raguwa, a je a auna, in kuma mai ɗakinka ta ce kana minshari har numfashi yana ɗaukewa, wannan ciwo ne daban da ake dubawa a asibiti.

Abin da har yanzu ya gagare mu shi ne biki. In aka kafa manyan sifikoki a tsakiyar layi, dukan yana bin ƙasa da ƙashin kai, marfin katako da soso duk rage shi kawai suke yi. In na ga an fara jera kujeru da la'asar nakan yi ƙailula mai ɗan tsawo, in gama gyaran takardu da wuri, in shimfiɗa katifa a falo don ya fi nisa da titi. Mu magidanta na layin mun kai wa mai unguwa shawarar a riƙa tsayar da kiɗa ƙarfe 12, ya ce zai tara masu gidaje da shugabannin fadoji a tattauna bayan sallah.